Za a mayar da layin gidaje yankin kasuwanci: me mazauna za su yi kafin a yanke hukunci?

Uwar Khalifa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana. Idan ƙaramar hukuma ta kafa sanarwa cewa tana shirin mayar da wani layi na gidajen zama yankin kasuwanci, ta yadda za a iya buɗe shaguna da ofisoshi da gidajen abinci, wace hanya maganar take bi kafin ta tabbata? Mazauna suna da ta cewa, ko kafa sanarwar yana nufin an riga an gama? Wanda ba ya son sayar da gidansa, ana iya tilasta masa? Sannan idan za a rubuta ƙorafi, me ake sa wa a ciki don kada ya ƙare a kwandon shara?

Malam Habu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai a koma a karanta sanarwar da kyau, domin abubuwa uku ne daban-daban mutane suke cakuɗawa. Akwai sauya taswirar yanki, inda hukuma take canza matsayin layi ko unguwa gaba ɗaya. Akwai izinin sauya amfanin fuloti ɗaya, kamar mai gida ya nemi mayar da gidansa asibiti, taswira kuwa tana nan yadda take. Akwai kuma sassauci, inda ake ɗaga wa mutum ƙafa a kan ƙa'ida ɗaya, misali tazarar gini daga titi. Na farkon ne mai nauyi, saboda da zarar ya wuce, kowane fuloti a layin ya sami haƙƙin yin kasuwanci, kuma sau da yawa ba za a sake tambayar maƙwabta ba.

Kada a ɓata lokaci wajen cewa hukuma ba ta da ikon raba gari yanki-yanki. Birnin New York ya kafa irin wannan doka tun 1916, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halascin tsarin a 1926 a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, Ingila kuma ta sa kusan kowane sabon gini ƙarƙashin izinin hukuma da dokarta ta 1947. Abin da ya kamata a bincika shi ne wace hukuma ce mai yanke hukuncin ƙarshe. A Amurka majalisar birni ce. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha, don haka mai kai kuka wurin kansila kaɗai yana iya buga ƙofar da ba ita ba.

Hanyar kusan iri ɗaya ce a wurare da yawa. Ko dai mai fili ya shigar da buƙata, ko hukuma ta ɓullo da shirin da kanta. Ma'aikatan sashen tsara birane su auna shi da babban tsarin gari, su tura wa masu kula da tituna, ruwa, lantarki da 'yan kwana-kwana su faɗi ra'ayinsu. A fitar da sanarwa, a ba da wa'adin ƙorafi. Ma'aikata su rubuta rahoto mai ɗauke da shawarar a amince ko a ƙi, kwamiti ya zauna ya saurari jama'a, majalisa ta kaɗa ƙuri'a, a wallafa.

Yawancin mazauna suna adana ƙarfinsu don ranar zaman sauraro, a cika zaure, a ɗaga murya. A ganina wannan kuskure ne. Rahoton ma'aikata shi ne takardar da kansiloli suke karantawa, kuma ana gama rubuta shi kafin ranar zama. Ƙorafin da ya isa teburin jami'in kafin ya rufe rahotonsa yakan sami amsa a rubuce. Wanda aka faɗa da baki a zaure cikin minti biyu ko uku yakan tsaya a zaure. Wa'adin gajere ne. A Ingila kwana 21 ake bayarwa a kan buƙatar izini, a wasu wuraren bai kai haka ba. Don haka ranar da aka ga sanarwa, a je ofis a nemi fayil ɗin: taswirar da ta nuna iyakar canjin, rahoton zirga-zirgar motoci in akwai, amsoshin sauran hukumomi, da jerin sana'o'in da sabon matsayin ya halatta.

Wannan jerin shi ne zuciyar maganar. Mai nema zai zo da zanen kantin magani mai tsabta da itatuwa a gabansa, amma izinin yana bin fili ne, ba ya bin mutum. Idan rukunin da aka ba shi ya haɗa da wurin biki ko garejin gyaran mota, wanda ya saya daga hannunsa zai iya yin su ba tare da ya nemi kowa ba. A 2020 Ingila ta haɗe shaguna, ofisoshi, gidajen abinci, ƙananan asibitoci, wuraren motsa jiki da gidajen renon yara a rukuni guda, ta yadda sauyawa daga ɗaya zuwa wani ba ya buƙatar sabon izini. A auna shirin da mafi munin abin da jerin ya yarda da shi, a manta da zanen.

Injiniya Lami ta rubuta:

Malam Habu ya kawo hanya, ni bari in kawo lissafi, domin ƙorafin da ba shi da alƙaluma ra'ayi ne kawai.

A fara da ajiye motoci. Gurbin mota ɗaya faɗin mita 2.5 ne da tsawon mita 5, amma idan aka haɗa da hanyar juyawa mai faɗin mita 6, kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. A ɗauki fuloti mai murabba'in mita 600, a ce sabon matsayin ya yarda jimlar faɗin benaye ta kai ninki ɗaya da rabi na filin, wato murabba'in mita 900. Idan ƙa'idar garin ta ce gurbi ɗaya ga kowane murabba'in mita 30 na shago, ana buƙatar gurbi 30, wato murabba'in mita 750 a ƙalla. Filin ajiye motar ya fi fulotin kansa girma. To ina motocin za su? Bakin titi da ƙofar gidajen maƙwabta. Titi mai faɗin mita 7, idan aka jera motoci gefe biyu, abin da ya rage kusan mita 3 ne, alhali motar kashe gobara tana buƙatar kimanin mita 3.7. Wannan hujja ce da jami'i ba zai iya kau da kai daga gare ta ba. Ga kuma motar sauke kaya, wadda masu zane suke yawan mantawa da ita: in ba a ware mata wuri cikin fulotin ba, tsakiyar titi za ta tsaya.

Sai ruwan sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 50 cikin sa'a guda a wancan fuloti lita 30,000 ke nan. Gidan zama mai tsakar gida da ƙasa da 'yan shuke-shuke yakan tura wajen rabi zuwa lambatu, sauran ƙasa ta shanye. Idan aka rufe ko'ina da kwano da siminti, kusan kashi 90 cikin 100 ne zai fita, wato lita 27,000 maimakon 15,000. Fuloti 20 suka yi haka, ƙarin ya kai lita 240,000 a sa'a, kusan lita 67 a kowace daƙiƙa, a kan kwalbatin da aka auna don gidaje. Abin takaicin shi ne masu shagunan ba su ne ruwan zai ci ba. Gidajen da ke gangare, waɗanda ƙila ko sanarwar ba a kai musu ba, su ne za su kwana suna kwarfa.

Lantarki ma haka. An zaɓi girman taransifoma bisa zaton cewa gidaje ba sa kunna komai lokaci guda. Shaguna kuwa tare suke buɗewa, da firiza da na'urar sanyaya ɗaki da injin walda, kuma injin lantarki yana jan ninki 5 zuwa 7 na wutarsa a lokacin tashi. Sakamakon shi ne raunin wuta a ƙarshen layi da yawan ƙonewar fis. A tambaya a rubuce: wa zai biya kuɗin ƙarin taransifoma, kuma a filin wa za a dasa shi?

Ƙara tana da nata lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 1999, ta sa iyakar ƙara a desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 55 a waje da rana, da 45 a wajen tagar ɗakin kwana da dare. Ƙarar da ke fita daga wuri ɗaya tana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Janareta mai desibel 85 a nisan mita 1 zai ba da 67 a mita 8, sai a mita 32 ya sauka 55, kuma ba zai kai 45 ba sai an wuce mita 100. Katanga ɗaya ce tsakanin shago da ɗakin maƙwabci, don haka nisa ba zai magance ba, sai ɗakin janareta mai toshe ƙara.

Abu na ƙarshe da ya fi ba ni tsoro shi ne ginin kansa. Dakin gidan zama, wato simintin bene da ake takawa, ana lissafa shi a kan kilo 150 zuwa 200 a murabba'in mita. Shago yana buƙatar 400 zuwa 500, sito ya fi haka nesa. Mutum ya fasa bangon gaba don ya sami faɗin ƙofa, bai san bangon ne yake ɗauke da bene ba, sannan ya jibge buhuna a sama. Sauya taswira ba ya ƙara rodi ko ɗaya a cikin dakin. Dole a nemi sharaɗin cewa kowane gidan da za a sauya sai injiniya ya duba ya sa hannu, a kuma tabbatar da ƙofar fita ta biyu. Gidan abinci kuwa sai da tarkon maiƙo kafin ruwansa ya shiga bututu, in ba haka ba kitse zai daskare ya toshe layin gaba ɗaya.

Uwar Khalifa ta rubuta:

Allah Ya saka da alheri. Saura batun tilasta sayarwa. Kuma idan an bi duk wannan, majalisa ta amince duk da haka, shi ke nan?

Barista Nura ya rubuta:

Hajiya, sauya taswira ba ya ƙwace gidan kowa. Karɓe fili don amfanin jama'a hanya ce daban, mai nata sanarwa da diyya. Wanda yake zaune a gidansa bisa ƙa'ida kafin canjin yana da haƙƙin ci gaba da zama. Sai dai a duba ko sabon rukunin ya lissafa gidan zama cikin abubuwan da ya halatta. In bai lissafa ba, gidan ya koma abin da ake haƙuri da shi kawai, kuma dokokin garuruwa da yawa suna hana faɗaɗa irinsa, suna soke haƙƙin idan aka bar shi ba kowa na wani tsawon lokaci, ko idan gobara ta cinye fiye da rabinsa. Jimla ɗaya da ta ce gidajen zama halas ne a sabon yankin tana kawar da wannan matsala duka, kuma neman ta ba ya yi wa kowa ciwo.

Wajen rubuta ƙorafi, a tsaya kan abin da doka ta ɗora wa hukuma dubawa: saɓa wa babban tsarin gari, cunkoso da haɗarin titi, magudanar ruwa, ƙara, wari, tare haske, leƙen cikin gida daga bene. A Ingila, alal misali, faɗuwar darajar gida, tsoron gasar kasuwa da halin mai nema ba sa cikin abin da ake aunawa. Shafi biyu sun isa. A sa lambar fayil a sama, kowace hujja da sashen dokar da ta dogara da shi, da hoto ko lissafi irin na Injiniya. A karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Wasiƙu goma da kowa ya rubuta matsalar ƙofar gidansa sun fi takarda ɗaya mai sa hannu ɗari, domin a kan ɗauki ta biyun a matsayin ƙorafi guda.

Akwai inda sa hannun yake da haƙori. Samfurin dokar da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta fitar a shekarun 1920, wanda jihohi da yawa suka kwafa, ya ce idan masu kashi 20 cikin 100 na filin da abin ya shafa, ko na filayen da ke maƙwabtaka da shi, suka sa hannu kan adawa, canjin ba zai wuce ba sai da ƙuri'ar kashi uku cikin huɗu na majalisa. A duba ko dokar wurinku tana da makamancin wannan. A lura, faɗin fili ake ƙirgawa, kuma masu mallaka ne suke sa hannu, ban da 'yan haya.

Bayan amincewa, hanya tana ƙuntata. A wurare da yawa, ciki har da Ingila, mai nema ne kaɗai yake da damar ɗaukaka ƙara in an hana shi. Maƙwabci sai kotu. Kotu kuma ba ta tambayar ko shawarar mai kyau ce. Tana tambayar ko an bi ƙa'ida: an ba da sanarwa yadda doka ta ce? An cika kwanakin? Akwai kansilan da yake da fili a layin, ya zauna ya kaɗa ƙuri'a bai bayyana ba? An ba da dalili? An ware fuloti ɗaya tak a tsakiyar gidaje don amfanin mai shi, ba tare da wata hujja daga tsarin gari ba? Wannan na ƙarshen kotunan Amurka sun sha rushe shi. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne ƙwarai, mako 6 a Ingila. Ko an yi nasara, sau da yawa abin da ake samu shi ne a mayar da maganar majalisa ta sake bi daidai, ta kuma iya sake amincewa.

A kuma ciro takardun mallaka a karanta. Idan an rubuta cewa filin na zama ne kawai, ko akwai yarjejeniya tsakanin masu filayen rukunin gidajen, sauya taswira ba ya goge wannan da kansa.

Alhaji Ɗanjuma ya rubuta:

Duk kun yi magana kamar canjin musiba ce da za a tare. Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Layin da ya riga ya zama hanyar manyan motoci, rabin gidajensa sun fasa shaguna a ɓoye, ƙin amincewa ba zai mayar da shi unguwar shiru ba. Zai bar kasuwancin ne ba ƙa'ida, ba wurin fakin, ba mai dubawa. Kantin magani da na kayan masarufi a kusa da gida ma amfani ne ga tsoho da marar mota.

Abin da ya kamata mazauna su gane shi ne riba da asara ba a raba su daidai. Fulotin da ke fuskantar babban titi, musamman na kwana, shi ne darajarsa take tashi. Na bayansa yana samun hayaniya da warin bola da bangon bene, ba ya samun mai saye ɗan kasuwa. Shi ya sa taron unguwa yake watsewa: na gaba suna so, na baya ba sa so, kowa kuma yana da gaskiyarsa. 'Yan haya su ne suka fi shan wuya, domin mai gida zai ga shago ya fi kawo kuɗi. Inda ake kimanta harajin gida bisa abin da fili zai iya zama, wanda bai sayar ba ma zai ga harajinsa ya hau. Mai bashin banki ko inshora a kan gida ya karanta yarjejeniyarsa kafin ya fasa shago, don sauya amfani ba da sanarwa ba yana iya ɓata ta.

Kada kuma kowa ya ɗauka darajar dole ta tashi. Idan hukuma ta sauya fili fiye da abin da kasuwa za ta iya ɗauka, sai a rushe gidaje a gina shaguna su zauna a rufe. Shawarata a nemi a taƙaita canjin ga fulotan layin gaba kawai, zurfin fuloti ɗaya, kasuwanci a ƙasa, gidaje a sama, kuma shiga da fita ta babban titi.

Malam Habu ya rubuta:

Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma nan ne mazauna suka fi samun abin hannu. Majalisa ba ta cika son ƙin shiri gaba ɗaya ba, amma tana karɓar sharuɗɗa cikin sauƙi, musamman idan an kawo mata su a rubuce. Don haka ƙorafin ya zama hawa biyu: muna adawa saboda kaza, in kuma za a amince, ga sharuɗɗan da muke nema.

Sharaɗin da ba a iya aunawa ba shi da amfani. "Kada a dami maƙwabta" ba wanda zai iya hukunta kowa da shi. A rubuta: rufewa ƙarfe 10 na dare, sauke kaya tsakanin 7 na safe da 7 na yamma, a cikin fulotin, ƙara kada ta wuce desibel 45 a kan iyakar gidan zama da dare, tazarar mita 3 daga katangar baya, ba gini ba janareta a cikinta, tagogin bene masu kallon gidaje su zama na gilashi marar nuna ciki, ruwan da fuloti zai tura lambatu kada ya wuce na kafin canji, sannan a jera sana'o'in da aka cire da sunansu. A tabbatar sharuɗɗan sun shiga cikin takardar hukuncin kanta, an kuma ɗaure su a kan filin, domin alkawarin da mai nema ya yi da baki a zaure ba ya bin wanda zai saya daga baya.

Inda abin yake lalacewa shi ne jerin aiki. Idan aka bar ɗan kasuwa ya buɗe kafin ya gina magudana da wurin fakin, ba zai gina ba. A nemi a rubuta cewa ba za a ba da takardar izinin shiga gini ba sai an kammala su an duba, ko ya ajiye kuɗin jingina da hukuma za ta yi aikin da su in ya gaza. Tun yanzu kuma, kafin a taɓa komai, mazauna su ɗauki hotunan titi da lambatu da bangon gidajensu masu kwanan wata, su ƙirga motocin da ke wucewa safe da yamma a ranar aiki da ranar hutu, su auna ƙarar dare. Duk ƙorafin karya sharaɗi da za a kai nan gaba, da waɗannan za a gwada shi.